Melba Liston: mai busa ce ko mai tsara kiɗa?

Tambaya: Malam, ina sauraren faifan Randy Weston mai suna Highlife, sai na ga an rubuta cewa Melba Liston ce ta tsara kiɗan. Da na bincika sai na tarar ana cewa mai busa turombon ce, wai ma tana cikin manyan masu jaz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen Amurka. To amma faifai ɗaya tak na samu da sunanta. Ina girman yake? Kuma mene ne aikin mai tsarawa, tunda ba ita ta ƙirƙiri waƙoƙin ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba wani faifai da ya ɓuya maka. Wanda ta yi a matsayin jagora ita kaɗai guda ɗaya ne, Melba Liston and Her 'Bones, wanda aka ɗauka a watan Disamba na 1958. Idan da yawan faifai za ka auna ta, to ba za ka sami abin aunawa ba. Aikinta yana cikin faifan wasu, a ƙarƙashin sunayen wasu, kuma sai ka san inda mai turombon yake zama a cikin babbar ƙungiyar makaɗa kafin ka gane dalilin da ya sa hannunta ya fita daban.

Turombon ƙaho ne na tagulla, bututunsa idan aka miƙe shi zai kai kusan mita 2.7. Ba shi da maɓallan dannawa irin na turampet ko saksofon. Abin da yake da shi wani sashe ne na bututun da ke zamewa gaba da baya. Ka san kakaki: tsawonsa ɗaya ne, don haka muryoyin da yake bayarwa 'yan kaɗan ne, leɓen mai busa ne kawai ke canja su. To turombon kakaki ne da mai shi ke iya ƙara masa tsawo ko rage shi yana cikin busa. Akwai matsayai 7 da hannu ke tsayawa, amma ba wata alama a jikin ƙarfen da za ta nuna maka ka iso. Kunne ne ke gaya maka. Ka wuce da ɗan kaɗan, murya ta karkace, kowa ya ji. Shi ya sa masu wannan ƙaho suke tashi da kunne mai kaifi, dole ce ta sa su.

Sai wurin zama. Babbar ƙungiyar jaz takan ƙunshi mutum 16 zuwa 18: masu saksofon 5 a sahun gaba, masu turombon 3 ko 4 a tsakiya, masu turampet 4 ko 5 a baya, sai piyano da bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya mai muryar ƙasa) da ganga a gefe. Mai turombon yana tsakiya a zaune, yana tsakiya kuma a murya. Turampet na ƙara a ƙeyarsa, saksofon na tafiya a gabansa, shi kuma galibi ba shi ne ke ɗauke da karin da mai sauraro zai tafi gida yana rerawa ba. Muryoyin ciki yake riƙewa, waɗanda ba a lura da su sai an cire su. Wanda ya shekara yana zaune a nan yana jin yadda ake ɗinke kiɗa daga ciki. Ban ce kowane mai turombon zai zama mai tsarawa ba, amma ba banza ba da yawa daga cikinsu suka zama: Slide Hampton, J.J. Johnson, Bob Brookmeyer, har Glenn Miller kansa da tsara kiɗa ya fara yin suna tsakanin makaɗa kafin duniya ta san shi.

An haifi Melba ranar 13 ga Janairu, 1926, a Kansas City, garin da ƙungiyar Count Basie ta taso. Tana da shekara 7 ta zaɓi turombon a makaranta, mahaifiyarta ta saya mata. Ka tuna hannun yarinya mai wannan shekaru da ƙyar yake kaiwa matsayi na 6 da na 7. Duk da haka kafin ta cika 9 ana jin ta a gidan rediyon garinsu. A 1937 suka koma Los Angeles, inda ta shiga hannun wata malamar kiɗa, Alma Hightower, wadda ta horar da yaran baƙaƙen fata da yawa a birnin. Tana da shekara 16 ta shiga ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa, ta sami gurbi a gidan wasa na Lincoln da ke titin Central Avenue, cibiyar kiɗan baƙaƙe a birnin a lokacin. Ƙungiyar ƙwadagon ma biyu ce a Los Angeles, ta farare daban ta baƙaƙe daban, sai a 1953 aka haɗe su.

Kada ka raina aikin gidan wasa. Makaɗan suna zaune a ƙasan dandali, kowane mako baƙi daban ne: yau mawaƙiya, gobe masu rawa, jibi mai barkwanci. A miƙo maka takarda ka karanta ka busa nan take. Wani baƙon ma zai zo ba shi da cikakkun takardun kiɗansa, sai wani a cikin makaɗan ya zauna ya rubuta wa kowa nasa. A nan Melba ta fara rubutu. Daga baya ta shiga ƙungiyar Gerald Wilson, wanda ya kafa tasa a 1944 bayan ya bar ƙungiyar Jimmie Lunceford. Wilson gwanin tsara kiɗa ne, zama kusa da shi makaranta ce. A 1947 ta shiga ɗaukar faifai tare da mai saksofon Dexter Gordon, abokinta tun suna yara, tana da shekara 21.

Sai dai ta iso kasuwa ana watsewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu babbar ƙungiya ta zama kaya mai nauyi: albashin mutum 17, hayar bas ɗin tafiya, ga harajin da gwamnatin Amurka ta ɗora tun 1944 a kan wuraren da ake rawa, wanda ya sa masu kulob da yawa suka gwammace ƙaramar ƙungiya da masu sauraro a zaune. A ƙarshen 1946 manyan jagorori da dama, cikinsu har da Benny Goodman, Woody Herman da Tommy Dorsey, suka sallami mutanensu. A gefe guda kuma ga sabon salon bibop na Charlie Parker da Dizzy Gillespie, mai gudu kamar ana kora. Wannan salo ya matsa wa turombon fiye da kowane ƙaho, domin abin da mai saksofon zai yi da yatsu, shi sai ya yi da dukkan hannu. J.J. Johnson ne ya nuna cewa zai yiwu.

A nan zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana. Idan gudun hannu da busar kai-kaɗai kake nema, Melba ba ta kai J.J. Johnson ba, kuma ita ma ba ta nemi wannan fagen ba. Ta sha faɗa cewa ba ta son fitowa gaba. Ƙarfinta a busa yana wurin kiɗa mai sanyi: murya mai kauri, mai tsabta, ba gaggawa, tana barin kowace murya ta cika kafin ta sake ta. Masu yi mata kirari da cewa ta fi kowa busa ba su yi mata adalci ba, domin suna janye hankali daga inda ta fi kusan kowa da gaske.

Wilson ya rushe ƙungiyarsa a 1948, ta yi ɗan zama da Gillespie, sannan a wajajen 1950 ta bi wata tafiya ta rakiyar mawaƙiya Billie Holiday zuwa jihohin kudancin Amurka. Tafiyar ta lalace. Jama'a ba su fito ba, kuɗi suka ƙare, makaɗan suka maƙale a hanya a yankin da dokar wariyar launin fata ta hana baƙar fata otal da gidan abinci. Ga kuma abin da maza ba su fuskanta. A irin waɗannan tafiye-tafiye galibi ita kaɗai ce mace a cikin mota cike da maza, wata da watanni. Sai ta zama mai ɗinke maɓalli, mai gyaran gashi, mai sauraren kukan kowa. Bayan shekaru ta faɗa da bakinta a hirarraki cewa wasu daga cikin abokan aikin nata sun yi mata fyaɗe, kuma babu inda za ta kai ƙara a wancan zamani. Duk wanda ya ba ka tarihinta ya tsallake wannan, ya rage maka gaskiya. Ta ajiye ƙahon, ta koma Los Angeles ta kama aikin akawu a hukumar ilimi na 'yan shekaru, tana kuma fitowa cikin taron jama'a a finafinan Hollywood don ƙarin abin kashewa.

Gillespie ne ya dawo da ita. A 1956 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗauki nauyin babbar ƙungiyarsa zuwa ƙasashen waje, a tsakiyar yaƙin cacar baka, domin a nuna wa duniya fuskar Amurka da ta saɓa da labaran wariya. Suka je Iran, Pakistan, Labanon, Siriya, Turkiyya, Yugoslaviya da Girka, daga baya kuma Kudancin Amurka. Quincy Jones, yana ɗan shekara 23, shi ne ke kula da shirya ƙungiyar. Labarin da ita da wasu da ke wurin suka bayar shi ne, da ta shigo ɗakin gwaji wasu makaɗan New York suka yi ta gunaguni, me ya sa za a ɗauko mace tun daga Kalifoniya. Gillespie bai ce musu komai ba, ya ce ta raba takardun da ta zo da su. Aka fara busa, ba a yi nisa ba aka watse, kiɗan ya fi ƙarfin karatun farko. Gunaguni ya mutu a nan. Abin da ta kawo wa wannan ƙungiya har da kiɗan Turawa na gargajiya, na Grieg da na Debussy, da ta juya su zuwa jaz.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ƙashin bayan maganar. Mai ƙirƙira yakan kawo kari da jerin muryoyin da ke ƙarƙashinsa, wani lokaci shafi ɗaya kacal. Shafi ɗaya ba zai ishi mutum 17 ba. Mai tsarawa shi zai yanke: wa zai fara, wa zai amsa, a wace murya, da wane ƙarfi, ina za a yi shiru a bar piyano, ina za a buɗe wa mai saksofon fili ya yi nasa, kuma me sauran za su riƙa yi a bayansa don kada su danne shi. Idan muryoyi 5 za su tashi tare, shi zai raba su, wannan ga turampet, wannan ga turombon na biyu, wannan ga babban saksofon na ƙasa. Ka sauya rabon kawai, kari bai canja ba, amma kiɗan ya zama wani abu daban. Sannan kowane ƙaho da irin rubutunsa: abin da za ka rubuta wa turampet ba shi za ka rubuta wa ƙaramin saksofon ba ko da murya ɗaya kake so su fitar, domin ginin ƙahonin ya bambanta. Duk wannan da fensir ake yi a lokacin, sau da yawa cikin dare, gobe da safe ana ɗauka.

Ladan fa? A tsarin Amurka na wancan lokaci mai tsarawa yakan karɓi kuɗinsa sau ɗaya, a kan yawan shafi. Kuɗin da ke ci gaba da shigowa duk sanda aka sa waƙar a rediyo na mai ƙirƙira ne da kamfanin da ya mallaki waƙar. Suna kuma na wanda hotonsa ke jikin faifai ne. Ƙari a kan haka, manyan masu tsarawa idan aiki ya yi musu yawa sukan ba wani ya rubuta a ɓoye, ya fito da sunansu, kuma Melba ta ce ta yi irin wannan aiki. Ka ga ke nan ba mamaki ka neme ta ka rasa.

A ƙarshen 1959 ta bi Quincy Jones zuwa Turai da wata babbar ƙungiya da aka haɗa don wani wasan kwaikwayo na kiɗa. Wasan ya mutu a Paris a farkon 1960, aka bar Jones da makaɗa da iyalansu, suna yawo ƙasa-ƙasa suna neman abin da za su biya kansu, har kusan ƙarshen shekara. Jones ya dawo da bashi mai yawa. Na kawo wannan ne don ka ga cewa ko ƙungiyar da ta tara gwanaye ba ta iya ciyar da kanta a lokacin ba.

Randy Weston ya fara ganin ta ne a kulob ɗin Birdland na New York tana busa da ƙungiyar Gillespie. Shi mai piyano ne daga Brooklyn, wanda mahaifinsa ya raine shi da ƙaunar Afirka. Haɗuwarsu ta ɗauki kusan shekara 40, tun daga faifan Little Niles na 1958. Weston yana buga piyano da nauyi, yana son muryoyin ƙasa, yana dukan maɓallan kamar mai ganga. Matsalar mai irin wannan hannu ita ce idan aka ba wani ya faɗaɗa kiɗansa, sai ya dawo a goge, a gyare, ba shi ba. Melba takan zauna ta saurare shi yana bugawa, ta ɗauki abin da hannunsa na hagu ke yi ta raba wa manyan ƙahoni, ta bar masa kaushinsa. Weston ya sha cewa abin da ta rubuta yakan fito kamar shi ya rubuta.

Babban aikinsu shi ne Uhuru Afrika, da aka ɗauka a Nuwamba 1960, shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, har da Nijar a watan Agusta da Najeriya a Oktoba. Kiɗa ne mai sassa 4, na ƙungiya mai mutum fiye da 20, marubucin waƙoƙi Langston Hughes ya rubuta baitocin. A cikin makaɗan akwai Clark Terry, Freddie Hubbard, Yusef Lateef, Max Roach, ga masu ganga daga Kyuba, ga Babatunde Olatunji daga Najeriya. Ka yi tunanin wahalar: masu ganga da yawa a ɗaki ɗaya, kowa da al'adar da ya taso a ciki, wasu da kunne suke aiki ba da takarda ba, ga kuma ƙahoni fiye da goma da ke jiran a rubuta musu kowane numfashi. Ita ce ta tsara, ita ce ta tsaya gabansu ta jagoranta. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan a 1964.

Faifan da ke hannunka ya biyo baya ne a 1963. Weston ya zo Legas a Disamba 1961 cikin tawagar mawaƙa da marubuta baƙaƙen Amurka, ya sake dawowa a 1963, ya zauna da makaɗan Legas, musamman Bobby Benson mai kulob ɗin Caban Bamboo. Shi ya sa za ka ga sunan kulob ɗin a ɗaya daga cikin waƙoƙin, ka kuma ga Niger Mambo, wadda ta Benson ce, da wata ta Guy Warren na Gana. Idan za ka sake saurare, ka bar bin piyano na ɗan lokaci. Ka sa kunne a ƙasa, wajen babban ƙahon da ake kira tuba da turombon da sauran ƙahoni masu kauri. Za ka ji ba ta cika saman kiɗan da ƙarar turampet ba kamar yadda aka saba a manyan ƙungiyoyin Amurka. Ta tara nauyin a tsakiya da ƙasa, ta sa ƙahoni suna kira suna amsawa da gajerun jimloli, ta bar wa ganguna sarari. A ganina wannan shi ne kunnen wadda ta yi shekaru a sahun tsakiya. Kuma ka lura ba ta yi ƙoƙarin kwaikwayon ƙungiyar rawa ta Legas ba. Jaz ɗin New York ne da ya saurari Legas da kyau. Wasu 'yan Najeriya idan suka ji sukan ce ai wannan ba hailaif ba ne, wato kiɗan rawa na Gana da Najeriya da faifan ya ci sunansa, kuma suna da gaskiya, amma ba abin da aka nufa ke nan ba tun farko.

A shekarun 1960 ta rubuta wa Milt Jackson da Johnny Griffin, ta yi aiki da Clark Terry, ta kuma yi wa kamfanin Motown aikin tsarawa, domin jaz kaɗai ba ya biyan haya a lokacin. A 1973 ta tattara ta koma Jamaika, ta koyar a makarantar kiɗa ta ƙasar da ke Kingston na kusan shekara 6, ta rubuta kiɗan fim ɗin Smile Orange. Masu shirya bikin jaz na mata a Kansas City ne suka lallashe ta ta dawo a 1979, daga nan ta kafa ƙungiyarta, Melba Liston and Company, wadda ta fara da mata zalla, daga baya ta haɗa da maza. Wannan ne karon da ta fi daɗewa tana jagorantar ƙungiya da sunanta, tana da shekara fiye da 50.

A 1985 ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Turombon na buƙatar hannu biyu da cikakken numfashi, don haka busa ta ƙare. Rubutu kuwa bai ƙare ba. Ta koyi tsara kiɗa da kwamfuta, tana kan keken guragu, Weston kuma bai nemi wani ba. A 1987 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba ta lambar Jazz Masters, wadda ita ce mafi girma da ƙasar ke ba mai jaz. Bayan ciwon ne suka yi The Spirits of Our Ancestors, da aka ɗauka a 1991, inda Gillespie da Pharoah Sanders suka shigo a matsayin baƙi, kuma mutane da yawa, har da ni, suna ganin shi ne mafi cika a duk abin da suka yi tare. Ƙungiyar ba ta kai girman ta 1960 ba, amma idan ka rufe ido za ka rantse sun ninka haka. A Volcano Blues na 1993 aka sa sunanta kusa da na Weston a fuskar faifan, su biyu a matsayin masu shi. Ta rasu a Los Angeles ranar 23 ga Afrilu, 1999, tana da shekara 73.

Idan busarta kake son ji, koma wa faifan nan guda na 1958. Ta tara manyan masu turombon na New York a ciki, irin su Al Grey, Bennie Green, Jimmy Cleveland, Benny Powell, Frank Rehak da Slide Hampton, don haka za ka iya jin ta kusa da su ka yanke naka hukuncin. Sannan ka nemi faifan da ƙungiyar Gillespie ta ɗauka a 1956 da 1957. Daga nan ka ɗauko Uhuru Afrika, ka biyo da na 1991, ka saurare su a jere da na'urar kunne mai fitar da muryoyin ƙasa, domin lasifikar waya tana yanke daidai wurin da ta fi yin aiki.